Clomid, letrozole ko allura: wanne ya dace da macen da ƙwanta ba ya fita?

Magungunan da likitan mata ke rubutawa don ƙwai ya nuna ya fito ba su da yawa. Biyu na haɗiya ne: clomiphene, wanda kowa ya fi sani da Clomid, da letrozole, wanda ake sayarwa da sunan Femara da wasu sunaye. Na uku allura ce. A gefensu akwai metformin da bromocriptine da cabergoline, waɗanda a bakin mutane duk "maganin haihuwa" ne, alhali kowanne da aikinsa. Tambayar da mata suka fi yi ita ce wanne ya fi ƙarfi. Amsarta mai sauƙi ce, allura ta fi ƙarfi, amma ba za ta amfane ki da komai ba, domin zaɓin yana rataye ne a kan abin da ya hana ƙwan fita, da kuma ko ƙwan ne ma matsalar tun farko.

Macen da al'adarta ke zuwa a kan kari, wata bayan wata, tsakanin kwana 21 zuwa 35, kusan ko yaushe tana sakin ƙwai. Irin wannan idan ta sayi Clomid a kemis saboda wata ƙawa ta sha ta dace, galibi kuɗinta kawai ta kashe. An gwada wannan a Sikotland, aka wallafa sakamakon a 2008. Mata 580 ne da aka bincika ba a gano dalilin rashin haihuwarsu ba. Cikin waɗanda aka ba clomiphene, kashi 14 cikin 100 suka haihu. Cikin waɗanda ba a ba komai ba, sai shawarar lokacin saduwa, kashi 17 suka haihu. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a riƙa bai wa irin waɗannan mata ƙwayar ita kaɗai.

A wajenmu kuma akwai abin da ya fi wannan yawa. Toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa na daga cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka ta Yamma, musamman ga wadda ta taɓa haihuwa ko ɓari sannan shiru ya biyo baya. Ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko wankin ciki, su ke jawo shi. In bututun biyu a toshe suke, ko ƙwai goma aka saki ba inda za su bi. Hoton da ake kira HSG, wanda ake tura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauka, shi ke nuna wannan. Sai maigida. Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar, kuma gwajin maniyyi ya fi duk gwaje-gwajen mace sauƙi da arha. Cewa yana da 'ya'ya a wani ɗaki ba hujja ba ce, jiki yana canzawa. Ni a ganina likitan da ya rubuta Clomid bai tambayi gwajin maigida ba ya yi gaggawa.

To, a ce an duba waɗannan, an tabbatar ƙwan ne ba ya fita. Mafi yawan lokaci dalilin shi ne larurar da ake kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma: al'ada tana tsallake wata biyu ko uku, wani lokaci gashi ya fito a haɓa ko ƙirji, ƙuraje a fuska, sau da yawa da ƙiba, kuma a sikanin a ga ƙananan ƙwayaye jere a ma'ajiyar ƙwai, sun fara girma sun tsaya. A nan ne gasar Clomid da letrozole take.

Hanyar aikinsu na da alaƙa, amma bambancin da ke tsakani shi ne tushen komai. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin FSH, wanda ke sa ƙwai girma. Tana lura da yawan sinadarin istirojin a jini: in ya yi ƙasa ta ƙara FSH, in ya yi sama ta rage. Kamar uwargida ce mai leƙa rumbu, in ta ga hatsi ya ja baya ta aika kasuwa. Clomid rufe mata ido yake yi, ta zaci rumbun wayam ne alhali a cike yake. Letrozole kuwa rage hatsin yake yi da gaske na 'yan kwanaki, ta gani da idonta ta aika, in kaya suka iso kuma ta gani ta dakata.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, Clomid ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake tare aikin istirojin ba, yana tare shi a mahaifa ma. Shi ya sa a wasu matan shimfiɗar cikin mahaifa, inda ciki zai zauna, takan yi siriri, ruwan bakin mahaifa mai yauƙi da ke taimaka wa maniyyi wucewa kuma ya kafe. Ga shi yana daɗewa a jiki, wani ɓangarensa yakan kai makonni bai gama fita ba. Letrozole rabinsa yakan bar jini cikin kamar kwana biyu, kuma bai taɓa wuraren da istirojin ke kamawa ba, don haka kafin ƙwai ya fito mahaifa ta samu abin da take buƙata. Na biyu, tun da ƙwaƙwalwa tana ganin gaskiya a ƙarƙashin letrozole, da ƙwai ɗaya ya yi gaba sai ta janye FSH, sauran su koma. A ƙarƙashin Clomid takan ci gaba da turawa, ƙwai biyu su nuna tare.

Clomid tsoho ne. An haɗa shi a 1956, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1967, kuma ya shafe fiye da shekara 40 shi ne na farko a ko'ina. Ana fara shi da miligiram 50 kullum na kwana biyar, a soma a wata rana tsakanin ta biyu da ta biyar da fara al'ada, gwargwadon yadda likita ya tsara. In ƙwai bai fita ba a ƙara zuwa 100 a wata na gaba, iyaka 150. Kimanin kashi 70 zuwa 80 na matan da aka ba za su saki ƙwai, amma waɗanda za su ɗauki ciki ba su kai haka ba ko kusa, kuma wannan giɓin ne ya sa aka yi ta neman madadinsa. Illolinsa sanannu ne: zafi ya taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska kamar mai shekarun daina al'ada, saurin fushi ko kuka ba dalili, kumburin mara, ciwon kai. Akwai ɗaya da ba a wasa da ita. In gani ya fara dishi-dishi, ko ana ganin walƙiya ko ɗigo-ɗigo, a ajiye ƙwayar a koma asibiti, kuma yawanci ba a sake ba da ita.

Letrozole ba don haihuwa aka yi shi ba. Maganin sankarar mama ne ga matan da suka daina al'ada, kuma har yau abin da za ki gani a takardar cikin kwalin ke nan, tare da gargaɗin kada mai ciki ta sha. Mata da yawa sukan firgita a nan, wasu su zaci likita ya ɓoye musu wani abu ne. Likitoci biyu a Toronto ta Kanada, Mitwally da Casper, su suka nuna a 2001 cewa yana sa ƙwai fita har ga matan da Clomid ya gaza a kansu. A 2005 wani ƙaramin rahoto ya tayar da fargabar cewa yana iya jawo nakasa ga jarirai, kamfanin da ke yin sa ya fitar da gargaɗi, Indiya ma ta hana amfani da shi don haihuwa a 2011. Binciken da ya biyo baya, mai yawan jarirai, bai ga ƙarin nakasa fiye da na Clomid ko na cikin da aka samu ba magani ba, Indiya kuma ta janye haninta a 2017. Hikimar ita ce ana shan sa kwana biyar a farkon wata, ya fita daga jiki kafin ciki ya shiga. Abin da ake gudu shi ne shan sa da ƙaramin cikin da ba a san da shi ba, don haka mai al'ada mara tsari ta yi gwajin ciki kafin kowane zagaye. Wannan ya shafi Clomid ma.

Ana fara letrozole da miligiram 2.5 kullum na kwana biyar, a ƙara zuwa 5 ko 7.5 in da buƙata. Bai cika kawo zafin jikin nan ba, nasa gajiya ce da jiri, wani lokaci ciwon gaɓoɓi.

Binciken da ya raba gardama an yi shi ne a Amurka ƙarƙashin jagorancin Richard Legro, aka wallafa a 2014. Mata 750 masu PCOS, aka raba su biyu, kowace ta yi har zagaye biyar. A ɓangaren letrozole kashi 27.5 cikin 100 suka haifi ɗa mai rai, a ɓangaren clomiphene kashi 19.1. Ƙwai ya fita a kashi 61.7 na zagayen letrozole, a kashi 48.3 na clomiphene. Tagwaye sun fi yawa a clomiphene, kashi 7.4 a kan 3.4, ko da yake adadinsu bai kai a yanke hukunci da shi ba. Tazarar ta fi fitowa fili a mata masu ƙiba. A marasa ƙiba magungunan biyu sun yi kusa da juna. A 2018 ƙa'idojin duniya na kula da PCOS suka ɗora letrozole a matsayi na farko, aka sake tabbatar da hakan a 2023.

Ki lura da adadin da kyau, don ba na son a ɗauka an samu maganin da ba ya kuskure. Ko a ɓangaren da ya yi nasara, mata kusan uku cikin huɗu ba su haihu ba a cikin wata biyar. Wadda ta sha wata ɗaya ko biyu ba ta ga komai ba, ba ta fita daga sahu ba, haka abin yake tafiya.

Hukuncina a kan waɗannan biyun: mai PCOS, musamman mai jiki, ta fara da letrozole. Wadda ta sha Clomid ƙwai bai fita ba, ko sikanin ya nuna shimfiɗar mahaifarta ta yi siriri, ta koma letrozole kafin a yi maganar allura. Amma Clomid bai zama tarihi ba. Inda babu letrozole mai inganci, ko likitan ya fi sanin Clomid kuma yana bibiya, ko matar ba ta da ƙiba kuma jikinta ya karɓe shi, ba laifi. Miliyoyin yara ta hanyarsa aka same su. Ingancin kuwa a duba shi, a sayi mai lambar NAFDAC a kantin magani na gaskiya, domin ƙwayar da ake nema ido rufe ita 'yan jabu suka fi so.

Akwai masu shan Clomid da gangan don neman tagwaye, lafiyarsu ƙalau. Kowa na son Hassan da Husaini, amma cikin tagwaye ya fi zuwa da haihuwar bakwaini, da hawan jinin ciki da jijjiga, da zubar jini bayan haihuwa, da tiyata. Inda asibitin da ke da kwalbar jarirai yake da nisa, wannan ba ƙaramar caca ba ce, kuma mafi yawan masu yi ɗaya za su haifa ko ta yaya.

Metformin maganin ciwon suga ne. Ya shigo maganar ne saboda masu PCOS da yawa jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, yawan insulin kuma yana dagula aikin ma'ajiyar ƙwai. An taɓa sa masa rai sosai. Binciken 2007 a kan mata 626 ya sauke shi: metformin shi kaɗai kashi 7.2 suka haihu, clomiphene kashi 22.5, haɗin biyun kashi 26.8. Mataimaki ne, ya fi amfani ga mai ƙiba, ko wadda sugarta ya fara hawa, ko wadda Clomid shi kaɗai bai motsa ba. Yana sa tashin zuciya da gudawa a farko, shi ya sa ake fara shi kaɗan-kaɗan tare da abinci. Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyin jiki yakan dawo da al'ada ga wasu ba tare da ƙwaya ba, ga wasu kuma ya sa ƙwayar ta kama. Mace mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan.

Bromocriptine da cabergoline ba sa gasa da kowa, nasu fagen daban ne. Idan sinadarin furolaktin, mai kawo ruwan nono, ya yi yawa a jinin macen da ba ta shayarwa, yakan danne fitar ƙwai. Alamarsa al'ada ta ɗauke ko ta ragu, wani lokaci nono yana ɗigar ruwa. Irin wannan Clomid ba shi ne nata ba. A sauke furolaktin, ƙwai ya dawo da kansa. Bromocriptine ya fi arha kuma an daɗe ana amfani da shi, amma kullum ake sha, yana sa jiri da tashin zuciya, gara a sha da dare bayan abinci. Cabergoline, wanda aka sani da Dostinex, sau ɗaya ko biyu ake sha a mako, jiki ya fi jure shi, ya kuma fi sauke sinadarin, sai dai tsada. Kafin a ɗora mace a kan ɗayansu ya kamata a maimaita gwajin, don tashin hankali kaɗai na iya ɗaga shi kaɗan, a kuma duba sinadarin maƙoshi, domin raunin aikinsa na ɗaga furolaktin, kuma maganin wannan daban ne.

Primolut N da Provera kuwa, da ake ba wadda al'adarta ta daɗe ba ta zo ba, jini kawai suke saukarwa don a samu ranar fara ƙirga. Ganin jini bayan shan su ba ya nufin ƙwai ya fita.

Sai allura. Ita ba ruwanta da lallashin ƙwaƙwalwa, FSH ɗin kansa ake zubawa a jiki. Iri biyu ce. Akwai wadda ake tacewa daga fitsarin matan da suka daina al'ada, mai ɗauke da FSH da aikin LH, wani sinadarin da ke taimaka wa ƙwai ya nuna ya fito, irin su Menopur. Ta farkonta, Pergonal, kamfanin Serono na Italiya ne ya yi, kuma daga gidajen tsofaffin mata masu hidimar coci aka riƙa tara fitsarin, aka samu haihuwar farko da ita a farkon shekarun 1960. Akwai kuma wadda ake haɗawa a ɗakin gwaji tun shekarun 1990, irin su Gonal-F da Puregon. Wajen samar da ciki ba su da wani bambancin kirki ga mai PCOS. A zaɓi wadda ake samu kuma aljihu zai ɗauka.

Ƙarfin allura shi ne haɗarinta. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2015, a kan ma'aurata 900 da ba a gano dalilin matsalarsu ba, ya haɗa kowane magani da sanya maniyyin miji cikin mahaifa. Allura ta ba da haihuwa kashi 32.2, clomiphene 23.3, letrozole 18.7. Amma kusan kashi 32 na cikin da aka samu da allura na fiye da ɗa ɗaya ne, har da 'yan uku da dama, alhali a ƙwayoyin biyu babu 'yan uku ko ɗaya. Wannan binciken ya kuma nuna cewa fifikon letrozole na masu PCOS ne, bai bi shi zuwa kowace irin matsala ba.

Haɗari na biyu shi ne ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima, ruwa ya riƙa tsiyaya daga jijiyoyi yana taruwa a ciki, wani lokaci har ƙirji, jini ya yi kauri. Alamunsa ciki ya kumbura da sauri, amai, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya. Wannan na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. Ya fi kama matasa masu PCOS, wato daidai waɗanda aka fi kai wa ga allurar. Saboda haka ake fara ta da ɗan kaɗan, yunit (ma'aunin allurar) 37.5 zuwa 75 a rana, a yi haƙuri da ita mako ɗaya ko biyu kafin a ƙara, ana sikanin duk bayan 'yan kwanaki. In aka ga ƙwai fiye da biyu sun girma, likitan kirki zai ce a fasa wannan watan, a kuma ƙaurace wa juna. Jin haka bayan an kashe kuɗi akwai ciwo, amma shi ne daidai. Duk wanda zai yi miki wannan allura ba tare da sikanin ba, ko wane ne shi, ki ƙi.

A lissafa da wahalhalun da ba a rubuta a takardar likita. Kuɗin allurar zagaye ɗaya ya ninka na ƙwaya sau da yawa, ga kuɗin sikanin, ga na mota in daga ƙauye ake zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato. Wasu nau'o'in sai a firij, waɗanda ba sa buƙatar firij ma ba a so su wuce zafin digiri 25, a ƙasar da bazara ke haura 40 kuma wuta sai ta ga dama.

Duk da haka akwai macen da allura ce kaɗai hanyarta. Ita ce wadda 'yar halittar nan ta ƙasan ƙwaƙwalwa ba ta aiki. Misalin da ake gani a wajenmu shi ne matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala. Rashin jinin ne ya lalata halittar, ana kiran larurar da sunan Sheehan. Ba ta Clomid ko letrozole aikin banza ne, domin wadda za a aika saƙon gare ta ba ta nan. Tana buƙatar allura mai FSH da LH duka, bayan an gyara sauran sinadaran da ta rasa. Akasin haka kuma, in gwaji ya nuna FSH ya riga ya hau sosai saboda ƙwayayen sun ƙare da wuri, ba ƙwaya ba allura da za ta ƙirƙiro su, kuma mai ci gaba da sayar mata da su cutar ta yake yi.

Akwai wata allura guda da ake rikita ta da waɗannan, ta hCG, irin su Pregnyl da Ovidrel. Ba ta girmar da ƙwai, fasa shi take yi. Ana yin ta idan sikanin ya nuna jakar ƙwan ta kai milimita 18 zuwa 20, ƙwai ya fito bayan kamar awa 36. Tare da allurar FSH dole ce. Tare da ƙwaya ba kullum ake buƙatar ta ba. Sinadarinta shi ne wanda tsinken gwajin ciki ke nema, don haka gwaji kafin kwana 14 na iya nuna layi biyu na ƙarya. Mata da yawa sun yi murna sun yi kuka a kan wannan.

Ko da ƙwaya ake, a tabbatar tana aiki. Sikanin a zagayen farko, ko gwajin furojestaron, sinadarin da ke hawa a jini bayan ƙwai ya fita, kamar kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada, shi zai nuna ƙwai ya fita ko bai fita ba. In ba haka ba sai a yi wata shida ana shan adadin da bai isa ba. Ƙirgar kwanaki ba ta da wuya ga mace mai lura da sallarta: ranar da jini ya sauka sosai ita ce rana ta ɗaya. Ƙwai yakan fita kwana biyar zuwa goma bayan ƙwayar ƙarshe, don haka ana so a sadu duk bayan kwana ɗaya a cikin wannan makon. Nan ne wata matsala take da littattafan Turawa ba su san da ita ba. Maigida ɗan kasuwa ne yana Legas, ko direba ne, ko kuma gidan mata uku ne ana kwana bibbiyu, girkinta ba zai zagayo ba sai makon ya kusa wucewa. A tsara wannan kafin a haɗiyi ƙwayar farko. In musayar kwana za a nema wajen abokiyar zama, a nema da mutunci tun da wuri. In tafiya ba ta ɗaguwa, a bar maganin sai wata mai zuwa. A kuma fara folic acid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya samu.

Ba a zama a kan ƙwaya har abada. Mafi yawan cikin da za a samu da ita yana zuwa ne a zagaye uku zuwa shida na farko da ƙwai ya fita. In an cika shida ba labari, a sake zama da likita: a duba bututun in ba a duba ba, a maimaita gwajin maigida, sannan a zaɓa tsakanin allura, da ƙaramar tiyatar da ake huda ma'ajiyar ƙwai ta kafar cibiya ga mai PCOS da ƙwaya ta gaza, da dashen ciki na IVF. Tiyatar ba ta ƙara yawan tagwaye kuma ba ta buƙatar zaryar sikanin, abin da ya sa ta fi dacewa da wadda ke nesa da babban asibiti, amma in hannun bai ƙware ba tana iya barin tabo ko rage ƙwayaye. Shekaru ke yanke saurin tafiyar. 'Yar shekara 24 tana da sararin rage ƙiba, ta gwada letrozole, ta ƙara da metformin, ta huta ta dawo. 'Yar shekara 37 ba ta da wannan sararin: bayan wata shida na nema ta je a bincika, in ƙwaya ba ta yi ba a zagaye uku ko huɗu a wuce mataki na gaba. Wadda al'adarta ke tsallake watanni kuwa, ko shekarunta nawa, ba sai ta jira shekara ta cika ba kafin ta ga likitan mata.